Alƙalin da gwamna ya rantsar zai iya ba mutumin gwamna rashin gaskiya?

"Barista, barka da aiki. Ina da shari'ar fili a gaban wata kotu a nan Kaduna, shekara ta biyu ke nan. Wanda nake ƙara mutum ne mai hanya a gwamnati, har ya aiko mini cewa kuɗina kawai nake ɓatawa. Kawuna ya ce in nemo wani babba da alƙalin ke jin nauyi a yi mini kamun ƙafa, tunda shi ma abokin shari'ata ba zai zauna haka ba. Ni kuma kullum ina ji a rediyo ana cewa ɓangaren shari'a mai cin gashin kansa ne. Ta yaya, alhali gwamna ke rantsar da alƙalai, shi ke saya musu motoci? Akwai gaskiya a wannan 'yanci, ko in bi shawarar kawu?"
Wani mai karatu daga Rigasa

Malam, tambaya biyu ka ƙunsa a ganye guda. Ta farko, ko tsarin da muke kai yana kare alƙali daga mai mulki da mai kuɗi. Ta biyu, wadda na san ita ke hana ka barci, ko ka aika a gai da alƙali. Amsar ta biyun gajera ce: kada ka aika, zan kuma faɗa maka dalili daga abin da na gani da idona. Ta farkon ce ke son zama. Na haura shekara ashirin ina sa baƙar riga ina shiga babbar kotu a titin Bida, ina kuma zaman benci a kotunan majistare da na shari'ar Musulunci. Abin da na fahimta shi ne kariyar tana nan, amma ta fi kauri a sama, tana sirancewa yayin da ake gangarowa, ga shi kuma a ƙasa talaka ke yawancin shari'arsa.

Haƙƙinka ne kafin ya zama na alƙali

Mutane na jin "'yancin ɓangaren shari'a" sai su ɗauka wani gata ne alƙalai ke nema wa kansu. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora maganar a kanka ne, kai mai ƙara: kana da haƙƙin a saurare ka cikin lokacin da ya dace, a gaban kotun da aka kafa ta yadda za ta kasance mai 'yanci, marar son kai. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne. Alƙali ya karanta hukuncinsa, ya koma gida ya ci tuwo ya kwanta, ba ya tunanin albashinsa, ko kujerarsa, ko gidan da yake ciki, ko wanda zai buga masa ƙofa da dare. Duk inda ɗaya daga cikin waɗannan ya shiga lissafinsa, wani ya riƙe masa alƙalami.

Mu nan ba daga Turawa muka fara jin wannan ba. Duk wanda ya yi zaman zaure ya san wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musal Ash'ari, inda ya umarce shi ya daidaita mutane a fuskarsa da mazauninsa da hukuncinsa, don kada mai daraja ya yi kwaɗayin a karkata masa, kada mai rauni ya ɗebe tsammanin adalci. Ya kuma san labarin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, Ƙuraishawa suka nemi wanda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yake ƙauna, suka tura Usama ɗan Zaidu ya yi ceto, da irin fushin da aka yi masa. Ka lura da kyau, Usama bai je da kuɗi ba. Alfarma ya je nema. Abin da kawu ke ba ka shawara ke nan, sak.

Inda muka fito

Dattawan da suka yi siyasar jamhuriya ta farko za su ba ka labarin kotun En'e. Alƙali ma'aikacin hukumar gargajiya ne, ita ke naɗa shi, ita ke biyansa, ita ke sauke shi, 'yan doka nata ne, gidan yari nata ne, lauya kuma ba ya shiga wannan kotu. Akwai malamai masu tsoron Allah a cikinsu, amma ɗan NEPU da aka kamo saboda ya yi lacca ba izini ya san hukuncinsa tun kafin a shigar da shi zaure. A nan Kaduna, zamanin gwamnatin Hassan Usman Katsina, aka soke kotunan sarakuna a 1967, aka cire kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mayar da su kotunan yanki ƙarƙashin babban jojin. Wannan gyara babu abin da ya sa a gaba illa raba alƙali da mai biyansa.

Soja kuma suka zo da nasu salon. A 1970 kotun ƙoli ta ce gwamnati ba ta da ikon ƙwace dukiyar wani Lakanmi ta hanyar dokar soja, gwamnatin Gowon ta mayar da martani da doka mai lamba 28 wadda ta shafe hukuncin gaba ɗaya. A 1975 gwamnatin Murtala ta sauke alƙalin alƙalai Taslim Elias. Daga nan aka saba da dokokin da ke ƙarewa da cewa babu kotun da za ta saurari ƙara a kansu.

Duk da haka ba a rasa masu tsayawa ba. A 1980 gwamnatin Shagari ta kwashi Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, ta jefa shi Chadi da cewa ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce ɗan Najeriya ne, ta ba gwamnatin tarayya rashin gaskiya. Shekara ɗaya bayan haka, da majalisa ta tsige Balarabe Musa a nan Kaduna a watan Yunin 1981, kotuna suka ce tsarin mulki ya ɗaure musu hannu, ba su da hurumi. Sai a 2006, a shari'ar tsige Gwamna Ladoja na Oyo, kotun ƙoli ta ce idan majalisa ta tsallake matakan da doka ta shimfiɗa, kotu na da ikon dubawa, ta mayar da shi kujerarsa. Ƙasa ɗaya, tambaya kusan ɗaya, shekara 25 tsakani.

Naɗi, cirewa, da aljihu

Gwamna na rantsar da alƙalin babbar kotu, gaskiya ne, amma ba shi da ikon ɗauko wanda ya ga dama. Hukumar kula da harkokin shari'a ta jiha ke tace sunaye, ta aika wa Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NJC, a Abuja. Wanda NJC ta ba da sunansa kaɗai gwamna zai naɗa, bisa sashe na 271. Idan babban alƙalin jiha ne ko Girandi Kadi, sai majalisar dokoki ta tabbatar. Ɓarakar tana tun daga tushe: kwamishinan shari'a, wanda ɗan majalisar zartarwar gwamna ne, yana cikin hukumar jihar, wasu mambobinta kuma gwamna ke zaɓo su. Sannan gwamna na iya noƙewa ya ƙi rantsarwa. A Ribas, zamanin Amaechi, taƙaddama tsakaninsa da NJC kan wanda zai zama babban alƙali ta kai har kotunan jihar suka shafe watanni a kulle.

Wajen cirewa ne kariyar ta fi ƙarfi, kuma a nan nake cewa ba tatsuniya ba ce. Alƙalin babbar kotu yana kan kujerarsa har shekara 70 tun bayan gyaran da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, a da 65 ne. Gwamna ba zai tashi da safe ya kore shi ba sai NJC ta bincika ta ba da shawara. A 2009 gwamnatin Kwara da majalisarta suka cire babbar alƙaliyar jihar, Raliat Elelu-Habeeb, a 2012 kotun ƙoli ta ce haramun ne tunda ba a bi ta NJC ba. Wannan hukunci ya ceci shugabannin kotuna da dama daga fushin gwamnoni. Sai dai wanda ya fi kowa girma bai tsira ba. Ranar 25 ga Janairun 2019, saura 'yan makonni zaɓe, Shugaba Buhari ya dakatar da alƙalin alƙalai Walter Onnoghen bisa umarnin kotun ɗa'ar ma'aikata, umarnin da aka bayar a bayan idon mutumin. Ko me mutum ke gani game da zargin ɓoye kadarorin da aka yi masa, hanyar da aka bi ba ita tsarin mulki ya tanada ba. A ƙarshen 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi, bayan kujera ta daɗe da tafiya. Kowane ƙaramin alƙali a ƙasar nan ya ga abin, ya kuma yi lissafinsa.

Motocin da ka ambata kuwa, ka sa yatsa a kan gyambon. Albashin alƙalan manyan kotuna daga asusun tarayya yake fitowa ta hannun NJC, kuma doka ta hana a rage shi bayan an naɗa mutum. Ya shafe shekara goma sha da yawa a tsaye kafin a ninka shi a 2024. Amma ginin kotu, da gidan alƙali, da mota, da janareta, da man da za a zuba masa, duk nauyin jiha ne. Sashe na 121 ya ce a riƙa miƙa kuɗin ɓangaren shari'a kai tsaye ga shugabannin kotuna. An gyara sashen a 2018 don ya ƙara fitowa fili. Buhari ya fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 a 2020 don tilasta wa gwamnoni. Ma'aikatan kotu na ƙungiyar JUSUN suka rufe kotunan ƙasar nan daga Afrilu zuwa Yunin 2021, sama da wata biyu, masu jiran shari'a na zaune a kurkuku. A Fabrairun 2022 kotun ƙoli ta soke umarnin, ta ce shugaban ƙasa ya wuce gona da iri. A 2023 aka sake gyara tsarin mulki kan magana guda. Abin da aka yi ta gyara sau da yawa haka, ka san akwai masu ƙin a gyaru.

Ni motar ba ta dame ni ba, alƙali na buƙatar mota. Bikin miƙa makullin ne ke damuna, da kyamarori, da jawabin godiya. Abin da ke haƙƙi a kasafin kuɗi an mayar da shi kyauta, Bahaushe kuma ya ce idan baki ya ci, ido kunya yake ji. Babban alƙalin da sai ya bi layi a gidan gwamnati kafin a saki kuɗin gyaran rufin kotu ba sai an kira shi a waya an ce ya yi kaza ba.

Can ƙasa, inda jama'a suke

Duk kariyar da na lissafa ta naɗi da cirewa, ta alƙalan manyan kotuna ce. Majistare, da alƙalin kotun shari'ar Musulunci, da na kotun gargajiya, irin waɗanda aka tsara a jihar nan a 2001 zamanin Makarfi, ba sa ƙarƙashin NJC. Hukumar jiha ke ɗaukarsu, ta ƙara musu girma, ta hukunta su, jiha ke biyansu albashi. Su ne kuma ke ganin rikicin aure, da gado, da bashi, da haya, da duk wanda 'yan sanda suka kwana da shi.

Na san wani majistare, mutum mai natsuwa, da ya ba da belin wasu matasa a wata shari'a da kowa ya san manya na da ido a kanta. Laifin da ake tuhumarsu na beli ne, doka a fili take. Ba a yi wata biyu ba takardar canjin wurin aiki ta fito, aka tura shi wata ƙaramar hukuma mai nisa wadda hanyarta sai da addu'a, 'ya'yansa na makaranta a cikin gari. Ba zan iya dafa Alƙur'ani in ce belin ne ya jawo ba, a takarda canji ne irin na yau da kullum, tare da na wasu. Ni lauya ne, daga ƙasa nake kallon kujerar, abin da ake faɗa a ofis bayan an rufe ƙofa ba a gabana ake yi ba. Amma na ga yadda sharuɗɗan beli suka yi tsauri a kotunan da ke kusa cikin watannin da suka biyo baya. Ba a kori kowa ba, ba a zagi kowa ba.

Wani lokacin ma talauci ne kawai ke yin aikin. A wata shari'ar gona da na yi, kotu ta sa ranar zuwa ganin wurin da ido. Kotun ba ta da mota. Abokin shari'armu, mai hali ne, ya kawo jif ɗinsa, magatakarda da masinja da ɗan sandan kotu suka shige, aka ɗaga gilashi. Tsohon da nake karewa ya biyo su a Keke Napep, ƙura na dukan fuskarsa, da fayil ɗinsa a cikin leda. Da muka sauka ya jawo hannun rigata ya ce, "Lauya, an gama da mu ko?" Alƙalin ya zo da tasa tsohuwar motar daban, kuma a ƙarshe mu ya ba gaskiya. Amma tsohon nan bai sake yarda da zaman ba har ranar hukunci, kuma da ya faɗi, babu malamin da zai gamsar da shi cewa ba jif ɗin ce ta kayar da shi ba.

Ga kuma tsaro. A tsakiyar 2024 'yan bindiga suka sace wata alƙaliyar kotun gargajiya da 'ya'yanta daga gidanta a nan Kaduna. Mutumin da ke yanke wa masu laifi hukunci da rana, ya koma unguwa ba mai gadi da dare, kada a yi mamaki in ya riƙa duba fuskokin da ke bayan kotu.

Hukuncin da ba a bi ba

Alƙali ba shi da bindiga. Sashe na 287 ya wajabta wa kowace hukuma bin hukuncin kotu, amma masu aiwatarwa 'yan sandan ɓangaren zartarwa ne. Kotuna sun ba da belin Sambo Dasuki sau da dama, ya zauna a tsare daga ƙarshen 2015 har Disambar 2019. A Disambar 2016 babbar kotun tarayya a Abuja ta ba da umarnin a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky cikin kwana 45, bai fita ba sai da babbar kotun jihar Kaduna ta sallame shi a Yulin 2021. Ka so su ko ka ƙi su, ba nan maganar take ba. Waɗannan misalai na nuna maka akwai alƙalan da suka kalli gwamnati suka ce a'a, suna kuma nuna maka iyakar a'ar. Ko bashi ka ci gwamnati a kotu, akwai tsohuwar dokar da ta ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai antoni janar ya yarda, wato lauyan wanda ka kayar.

Matsin cikin gida, da namu

Ba daga gidan gwamnati kaɗai iska ke kaɗawa ba. Shugaban kotu ke raba fayil, shi ke da ta cewa a ƙarin girma da tura mutum kotun zaɓe. Alƙalin alƙalai shi ke shugabantar NJC, kuma mafi yawan mambobinta shi ke zaɓo su. Mai shari'a Musa Dattijo Muhammad, a jawabinsa na barin kotun ƙoli a Oktoban 2023, ya fito ƙarara ya ce ikon da aka tara a wannan kujera ya yi yawa. Wanda ya zauna a ciki ne ya faɗa.

Akwai kuma waɗanda ke fakewa da 'yancin suna cin kasuwarsu, kada in yi maka ƙarya. Odar da ake bayarwa a bayan idon ɗaya ɓangaren, wannan kotu ta ce a yi, waccan ta ce a bari, mun gani a rikicin shugabancin PDP a 2021, inda NJC ta hana alƙalai uku ƙarin girma, mun sake gani a rikicin masarautar Kano a 2024. Da jami'an DSS suka fasa gidajen alƙalai da tsakar dare a Oktoban 2016, har da na kotun ƙoli, jama'a da yawa sun yi tafi don sun gaji. Daga baya kotuna, a shari'ar wani alƙali mai suna Nganjiwa, suka ce ba a gurfanar da alƙali mai ci kan abin da ya shafi aikinsa sai NJC ta fara hukunta shi. Ina goyon bayan wannan ƙa'ida, don in ba ita, duk alƙalin da ya ɓata wa gwamnati rai zai kwana yana jiran a ɓalle masa ƙofa. Amma nauyi ne a wuyan NJC. In ta yi sanyi, ko ta tsaya ga yi wa mai cin hanci ritaya ya tafi da abin da ya tara, ita da kanta ke ba masu fasa ƙofa hujja.

Sai mu jama'a. A shari'o'in zaɓen Kano na 2023, wata alƙaliyar kotun ƙararrakin zaɓen 'yan majalisa ta koka a bainar jama'a cewa ana ƙoƙarin kai musu kuɗi, gwamnan jihar ya kori wani kwamishinansa da ya yi wa alƙalan shari'ar zaɓen gwamna barazana, ranar hukunci kuma ta Zoom aka karanta shi, alƙalan ba sa cikin zauren. Taron da ke cika harabar kotu da kabbara ko da waƙa, da masu zagin alƙali a Facebook tun kafin ya buɗe baki, duk matsi ne. Muna kiransa matsi in daga abokin hamayya ya fito, in namu ne mu ce neman adalci.

Abin da kamun ƙafa ya jawo wa wani

Wata safiya muna zaune ana jiran a kira shari'armu, ita ma ta fili, an kusa rufe shaidu bayan shekara biyu da rabi. Mai shari'a ya shigo, aka rusuna, ya zauna, bai buɗe fayil ba. Ya cire tabarau ya ce jiya bayan sallar isha'i wasu dattawa biyu da yake girmamawa sun je gidansa a kan wannan shari'a. Bai faɗi sunansu ba, bai faɗi wanda ya aike su ba. Ya ce daga yau duk hukuncin da ya yanke wani zai ce dattawan ne, don haka ya mayar da fayil ga babban alƙali a ba wani. Kotu ta yi tsit, fanka kaɗai ake ji. Na waiwaya, sai na ga wanda nake karewa ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa. A nan na gane.

Muna da hujja mai ƙarfi, shi ne abin takaicin. Aka faro daga farko a gaban sabon alƙali. Kafin a sake kiran shaidu, dattijon da ya san iyakar filin tun zamanin kakanni ya rasu. Tsalle ɗaya ya jefa mu rijiya.

Wannan alƙalin kirki ke nan. In ka faɗa hannun wanda ba na kirki ba, ka shiga gwanjo da mutumin da ya fi ka kuɗi da hanya. Akwai kuma dillalan harabar kotu, masu cewa su ke shan shayi da mai shari'a. Wasu na karɓa daga ɓangarorin biyu, su zauna su jira, wanda ya faɗi su mayar masa da nasa su ce an fi shi tayi, alƙali bai ma san an yi ba. In kuma kuɗi ko kyauta ta shiga, mai bayarwa ma ya aikata laifin da ake ɗaurewa a kai.

Abin da za ka yi

Ban ga fayil ɗinka ba, ban san ƙarfin takardunka ba, don haka ba zan ce za ka yi nasara ba. Shari'a mace ce mai ciki. Amma in filin na cikin gari ne kuma yana da takardar mallaka ta gwamna, dokar filaye ta 1978 ta ba babbar kotu hurumi, ke nan alƙalinka na cikin waɗanda abokin shari'arka, ko ubangidansa, ba zai iya korarsu ko taɓa albashinsu ba. Saƙon da ya aiko maka, a sanina, ya fi kama da na mai son ka gaji ka janye. Wanda ya riga ya sayi hukunci ba kasafai yake tallata shi ba. Jinkirin shekara biyu ma, a shari'ar fili, ba shi kaɗai ke nuna an yi wani abu ba, alƙalanmu da yawa da hannu suke rubuta duk abin da aka faɗa, fayil kuma ya fi ƙarfinsu.

Ka halarci kowane zama da kanka. Ka sa lauyanka ya tabbatar duk hujja da duk suka sun shiga rubutu, ya kuma nemi kwafin zaman mai hatimi lokaci zuwa lokaci, don kotun sama takarda take karantawa, ba ta jin "ai kowa ya gani". In kana da hujja ta zahiri cewa alƙalin na da dangantaka ko wata maslaha da ɗaya ɓangaren, lauyanka na iya roƙonsa a buɗaɗɗiyar kotu ya janye, ko ya rubuta wa babban alƙalin jiha a sauya kotu. Ka auna kafin ka yi, don yawanci daga farko za a faro, kuma jita-jitar majalisar shayi ba hujja ba ce. Ƙorafi kan halin alƙalin babbar kotu NJC ake kai wa, a rubuce, da takardar rantsuwa, cikin wata shida da faruwar abin. Na majistare, ko alƙalin ƙaramar kotu, ko ma'aikacin kotu, hukumar jiha. Sai dai ka sani waɗannan ladabtarwa suke yi, ba sa juya hukunci. Juya hukunci aikin ɗaukaka ƙara ne, kuma yana da wa'adi: wata uku ga hukuncin ƙarshe na babbar kotu a irin shari'arka, a ƙananan kotuna ya fi haka gajarta. Bayan jawabin ƙarshe na lauyoyi, tsarin mulki ya ba kotu kwana 90 ta yanke hukunci, da kwana 7 ta ba ku kwafi.

Kawu kuma kada ka yi masa gardama a gaban mutane, don ƙauna ce ta sa shi faɗa. Ka same shi shi kaɗai ka ba shi labarin dattawan nan biyu. In yana da babban mutumin da ake jin nauyinsa, ya kai shi wajen abokin shari'arka a nemi sulhu, a rubuta, a kawo kotu ta mayar da shi hukunci. Saƙon barazanar nan kuwa, in a waya ya zo kada ka goge, in ɗan aike ne ka rubuta rana da sunan wanda ya kawo da waɗanda ke wurin, ka miƙa wa lauyanka kafin zama na gaba.